Hoton Da Ya Tsaya A Hula

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Taubashina ya riga ni tafiya, kuma ina so jama'a su shaida cewa wannan ne karo na farko da ya taɓa riga ni zuwa wani wuri. Ko ranar ɗaurin aurensa sai da muka zauna jiransa har goro ya fara yaushi.

Ya cika ranar Juma'a da hantsi a gidansa na Tudun Wada a Gusau, bayan 'yar jinyar hawan jini, aka sallace shi da aka sauko daga masallaci. Mutumin da ya yi shekaru yana hana kowa sakin sabon aiki ranar Juma'a, wai in ya lalace babu mai gyara sai Litinin, shi ne aka ɗauke ranar Juma'a, ya bar mu da ɓarnar da ko Litinin ba ta gyarawa.

Ga wanda bai san mu ba, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yawo ba wando muke gardamar wane ne bawan wani, har ya koma ga Mahaliccinsa ba a raba ta ba. Shi ya yi boko har ya ƙoshi. Ni na tsaya a aji huɗu, na ga malamin ba ya ƙara komai a kan abin da na riga na sani, na koma Bunguɗu gyaran keke. Saboda haka duk wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya yi haƙuri ya karkata kansa.

A zaman makoki na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani limami da ya zo daga nesa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya jiƙan wanga bawa Nasa, mai gyara wa mutane rediyo da wayoyinsu." Jama'a suka ce amin. Ni tari ya sarƙe ni. Da marigayi zai iya ɗaga kai, da ya ɗaga, don babu abin da ya tsana a duniya irin a ce masa mai gyaran waya. Ana kawo masa rediyo, ana kawo masa agogo, wata tsohuwa har tocila ta taɓa kawowa. To a gyara tun yanzu: shi magini ne, sai dai shagunan da yake ginawa a cikin waya suke. Shafin intanet ake ce musu. Makaranta ta zo, ya gina mata inda iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu. Mai kantin magani ya zo, ya gina masa. Shugaban wata makaranta daga Tsafe ya zauna kusa da ni yana share ido da bakin rawani. Wata mai ƙuli-ƙuli daga Magami ta aiko da kwano guda, ta ce a faɗa wa iyali shi ya sa har daga Abuja ake kiran ta.

Sai wani Alhaji dillalin hatsi, bayan ya shafa fatiha, ya sunkuyo wajen babban ɗan marigayi. Yana zaton raɗa yake yi, alhali muryarsa ta saba da kasuwa.

"Allah Shi gafarta mashi. To amma shafin nawa fa? Wa za ya riƙa sa man farashi?"

"Ƙanwata za ta riƙe shagon, Alhaji. Ai tare suke aikin."

"Ɗiyar? Wadda ka kawo muna shayi?" Ya ja carbi. "To. Allah Shi sa ta iya. Akwai dai wani yaro a Kaduna da anka yi man maganarsa."

Bangon zauren gidan nan ba shi da kauri. Ɗiyar ta ji.

Ranar da aka share makoki ta aiko a kira ni cikin gida. Ita ce ta biyu a 'ya'yansa, matar aure da 'ya'yanta, ta yi karatun kwamfuta a nan Gusau. Na same ta zaune, kwamfutar ubanta a kan cinya, idonta a bushe ƙayau.

"Baban Bunguɗu," in ji ta, "kada ka sake waya."

"Da mi zan sake ta, ɗiyata? Da addu'a?"

"Zan gyara shafin Baba, wanda yake rubuta shawarwarinsa, in mai da shi na tunawa da shi. Shi ne aikina na farko ni kaɗai. Duk wanda Baba ya gina wa shafi zai gani, har Alhajin. In na gama zan kawo maka gwaji, yadda yake yi."

Na ce Allah Ya kai mu. Yayanta ya raka ni tashar motocin Bunguɗu. Sai da na sa ƙafa a mota ya riƙe mini hannun riga.

"Baba, don girman Allah, duk abin da ta kawo maka ka ce ya yi. Tun ranar ba ta yi kuka ba, ba ta ci abin kirki ba. Aikin nan kaɗai ke riƙe da ita. In ka kayar da ita ban san abin da zai faru ba."

Na ce, "To." Akwai to ɗin da ke nufin i, akwai wanda ke nufin na ji. Shi ya ɗauki na farko. Ni ban san wanne na ba shi ba.

Sai in faɗi yadda aka yi mai gyaran keke ya zama alƙalin shafuka, don a gane nauyin abin da yaron nan ya roƙa.

Taubashina da tafireta ya fara, a wata ma'aikata a Sakkwato. Da aka yanke mana jiha aka dawo da shi Gusau. Ranar da kwamfuta ta shigo ofishinsu, manya suka lulluɓe ta da mayafi, kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a hannunsa. Shi ya riƙa tsayawa bayan an tashi yana latse-latse, har ta saba da shi. Da ya yi ritaya, gemu ya soma furfura, sa'anninsa suna sayen buzu da carbi mai dubu, shi ya kama shago a Tudun Wada ya ce zai koyi ginin shafi. Na ce masa tsufa ya zo masa ta bayan gida.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kwamfutar cinya wadda murfinta ya karye, ni na ɗaure masa da robar tayar keke, kuma har gobe ina cewa duk shafin da ke Gusau robata ke riƙe da shi. Batirin mota a ƙarƙashin tebur, farantin sola a kan rufi, don bai yarda da wutar gwamnati ba ko da rantsuwa. Tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma rabin yininsa yana ƙarewa ne wajen neman na goshin. In ka leƙa allonsa, baƙi ne ƙirin, da rubutu ja da kore da ruwan ɗorawa, babu kalma ɗaya da ɗan Adam zai furta bai ciji harshe ba.

Sai buta. Wata rana matarsa, mutuniyar Tsafe, ta aiko mini in zo maza, ɗan'uwana ya fara magana da buta. Na zo na laɓe a bakin shago. Ga shi ya ajiye butar alwala a kan tebur, bakinta na kallonsa, yana nuna mata allo da yatsa.

"Ki saurara da kyau. In uban yaro ya danna nan, sai ya rubuta lambar ɗansa. Lambar ta tafi can ta nemo sakamako. In ta samo, sai ta dawo ta... ta dawo ta... Kai! Ashe ban faɗa mata inda za ta dawo ba!" Ya buga cinya. "Na gode, Hajiya."

Na shiga na ce, "Sannu. Za a ɗaura ne, ko tukuna ana neman juna?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce in aiki ya cije, ka nemi wanda bai san komai ba ka yi masa bayani dalla-dalla tun daga farko, da kunnenka za ka ji inda bakinka ya yi wauta.

"To mi ya hana ka kira ni? Ni ma ban san komai ba."

"Buta ba ta katse ni," in ji shi, "kuma ba ta cin tuwona."

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne, kuma shi ya haifi alƙalancin. Uwar 'ya'yana, Allah Ya jiƙanta, tana da ciwon asma. Wata damina abin shaƙarta ya ƙare, numfashi ya fara yi mata gardama. Akwai wani kantin magani a Gusau da taubashina ya gina wa shafi yana ta alfahari da shi. Na ce bari in nemo lambarsu in tambaya ko suna da shi, kafin in shiga mota cikin ruwa. Na buɗe. Sai ga wani fure yana juyawa a sama, rabi ya fito rabi ya maƙale. Lambar tana can ƙasa, ba za ta zo ba sai furen ya gama kwalliya. Na jira har na gaji, na tsuke wando na shiga ruwan. Na isa kantin, babu. Na zaga gari kafin in samu. Allah Ya sa da sauran kwana, na tarar da ita da rai.

Ba a daɗe ba aka yi suna a gidan surukansa a Tsafe. Na iske shi ya buɗe kwamfuta a tsakiyar mutane, furen nan yana juyi, har da ɗan kiɗa, ana ta "Masha Allah."

Na ce, "Wanga ba shago ba ne, amarya ce. Ga ado, amma in ka tambaye ta ba ta magana."

Aka yi dariya, don an ɗauka wasan taubasai ne. Sai na faɗi labarin duka, da ruwan da komai, a gaban surukai. Ya rufe kwamfutar a hankali. Bai ci naman suna ba.

Daminar nan gaba ɗaya bai taka Bunguɗu ba. Sallah ta zo ta wuce, babu shi babu aike. Na ce a raina an yi asarar bawa. Sai da kaka, ana cikin yankan gero, na ji ƙarar babur ɗinsa, wanda ake ji tun daga bakin titi. Ya kafe shi, ya zauna a kan bencina ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, inda sabis bai taɓa wuce sanda ɗaya ba. Sallama kawai ya yi.

"Ba ni wayar taka."

Na ba shi. Gilashinta a tsage, bayanta ɗaure da zare. Ya buɗe shafin da kansa. Ya jira. Ya saukar da tabaran goshi ya ɗora a kan na ido. Ya jira. Akuya ta zo ta shinshina takalminsa ta wuce. Furen yana nan rabi.

"Tun yaushe yake haka?"

"Tun da anka haife shi."

Ya sake duban gilashin. Can ya ce, "A shagona sabis cike yake, wayata sabuwa ce. Ashe ni kaɗai na gina wa kantin." Ya miƙo mini wayar. "Daga yau babu shafin da zai fita hannuna sai ya buɗe a wanga gungume, ƙarƙashin wanga icce, da wanga yatsa naka mai kama da taɓarya."

"Nawa ne albashi?"

"Babu. Amma da sharaɗi. Ran da ka ji tausayina ka ce ya yi alhali bai yi ba, ran nan ka zama buta. Buta kuwa ina da ita a gida, ba sai na ƙona mai ba."

Haka aka naɗa ni, ba rawani ba algaita.

Yadda ake zaman shari'ar shi ne, ya zo da safe, ya buɗe mini shafin a wayata, ya ce, "Nemo man farashin dawa," ko "Nemo man ranar komawa makaranta." Sai ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su, ya ciji leɓe. Doka ce tasa: kada ka taimaki mai gwaji, don ranar da baƙo zai shiga shafin ba ka tsaye a bayansa. Ni kuwa in na ga ya fara zufa sai in ƙara ɓata da gangan, in danna can in danna nan, yana ta numfashi kamar mai naƙuda. Shafi bai cika wucewa a zama ɗaya ba. Ya koma Gusau yana gunguni, ya dawo.

Daga ƙarƙashin iccen nan yawancin shawarwarinsa suka fito. Lambar waya a sama, kafin gaisuwa ma. Maɓalli ya kai faɗin babban yatsana, don in na danna ɗaya kada in danne uku. Rubutu manya, Hausa a gaba. Hoto kuwa, a nan ya fi zafi. Yana cewa hoto kamar kaya ne a kan jaki, kai kana ganin kyau, jakin ke jin nauyi, kuma da kuɗin datar talaka ake ciyar da jakin. Duk hoton da zai hau shafi sai ya rage shi ya sake ragewa, har sai ya haye sanda ɗaya ba tare da nishi ba.

Duk wannan yana rubuta su a wancan shafin nasa, don yara masu tasowa a sana'ar. Yana haɗawa da labarin ciwon gwiwarsa, da tumatirin da ya shuka a bayan shago akuyoyi suka yi masa rabon gado, da ni. Ɗiyar ta taɓa karanta mini inda ya rubuta cewa yana da ma'auni a Bunguɗu wanda babu irinsa ko a Turai, illarsa ɗaya yawan surutu. Na ce ta rubuta masa a ƙasa cewa ma'aunin ya gode, kuma yana jiran man shafawa.

Yana da wata al'ada ta manoma. Ya ce abin da ke wuri ɗaya babu shi, kamar irin shuka ne, ba a tara shi a rumbu guda. Duk aikinsa yana kwafe shi a wasu 'yan ƙarafa kamar ɗan yatsa, ɗaya a shago, ɗaya a Tsafe wajen surukai, ɗaya a wurina cikin gwangwanin madara. Lokacin da aka katse mana sabis a jiha saboda rashin tsaro, ya zama kamar masuncin da kogi ya ƙafe masa. Ya zo ya zauna yana riƙe mini taya ina faci. Da abin ya ishe shi ya bi ta Tsafe har Funtuwa, a wannan hanyar da kowa ya san halinta, don kawai ya leƙa shafukan mutane ya ga suna numfashi. Na zage shi tas da ya dawo. Ya ce makiyayi ba ya barci bai ƙirga garke ba.

Shekarar da uwar 'ya'yana ta rasu, sai shari'a ta yi yawa. Kusan kowane mako ga babur. Wata rana ya buɗe mini shafi, na duba na ce, "Kai, wanga ai na yanke mashi hukunci tun bara."

"An ɗaukaka ƙara," in ji shi, yana kwance ƙullin tsire.

Na sake duba shafin. Ya sake wucewa. Muka ci tsiren. Bai taɓa ce mini yi haƙuri ba bayan ranar farko, ni ma ban taɓa ce masa na gane ba.

Zuwansa na ƙarshe ɗiyar ce ta kawo shi a mota, gwiwa ta hana shi babur, ido ma ya yi rauni. Da ta shiga gaida mata sai ya sunkuyo ya ce, "Ka san an sauke ni? Ita ka rubutawa yanzu. In ya cije mata sai ta zaunar da ni ta yi man bayani, kafin in buɗe baki ta gano. Ni ne buta."

Na ce, "Daman ka yi kama da ita ta wajen hanci."

Saboda haka ni na san ta iya. Abin da ban sani ba shi ne ko zuciyarta za ta ɗauki abin da na taɓa yi wa ubanta a Tsafe. Shi namiji, da lafiyarsa, ba a yi masa mutuwa ba, sai da ya yi damina guda yana fushi. Tun ranar da yayanta ya riƙe mini riga nake juya wannan, har faci na riƙa sa wa inda babu huji.

Suka zo wata safiya bayan 'yan makonni, yayan ke tuƙi. Ta rame. Aka shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Ta fara nuna mini a wayarta: ga ubanta ya cika gilashi, fes, har ana ganin zaren hularsa, hotuna na wucewa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na tashi. Abin ya yi kyau har na kau da kai. Sannan ta karɓi gungumena ta buɗe shafin, ta miƙo mini, ta mai da hannuwanta baya ta harɗe. Babu wanda ya koya mata wannan, gani ta yi.

"Baba, nemo man fuskarsa."

Gilashi ya yi fari. Can sai ga wani abu yana saukowa daga sama a hankali, layi-layi. Hula ce, tsohuwar nan da wanki ya cinye, wadda na sha ce masa ya ba mutum-mutumin korar tsuntsu a gona. Ta sauko, ta sauko, har tabaran goshi suka bayyana. Daga nan ta tsaya.

Na jira. Na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Hula da tabarau. Yayan yana tsaye a bayanta yana ta yi mini ido, yana haɗa tafin hannu. Wallahi na so in bi shi. Mene ne a ciki? In ce masha Allah, ta ci abinci, a tashi lafiya. Na ma buɗe baki. Sai idona ya faɗa kan butata da ke jingine a gindin icce, bakinta a buɗe kamar nawa.

"Baba, yaya?" in ji ta.

"Hula ta yi kyau, ɗiyata. Mai hular ne ban gani ba." Na ajiye wayar a tabarma. "Bai buɗe ba. An kayar da ke."

"Haba Baba!" in ji yayan. "Sabis ne ba shi da ƙarfi yau."

"Ba sabis ba ne, Yaya." Ba ta ko juya ba. "Sabis bai taɓa fin haka ba a nan." Ta kalli hular da ke wayar. "Na san hoton ya yi nauyi. Na sani tun ran farko. Na zauna in rage shi, hannuna ya ƙi. Sai in ga kamar Baba nake ragewa. Na ce ko sau ɗaya a bar shi ya cika wuri."

Ta kifa kai a gwiwa, kukan da ta riƙe tun ranar Juma'ar nan ya ɓalle. Matan gida suka leƙo. Yayan ya harare ni kamar zai ci ni ɗanye. Na ɗaga masa hannu ya bari. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na bar ta ta yi mai isarta, ni ma na ɗan duba wani abu a cikin hannun rigata.

Da ta lafa na ce, "Ubanki da ransa ma bai kai nauyin rabin buhun gero ba, iska mai ƙarfi sai mun riƙe shi. Ke ce za ki ɗora mashi ƙiba bayan ya tafi? Mai ƙuli-ƙulin Magami irin wayata gare ta. Tsofaffin Tsafe haka. Su ma so suke su gan shi, ba hularsa ba. Ni ma haka."

Ta share fuska da mayafi. Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da majina.

"Da ka ce ya yi, Baba, da na san babu sauran mai faɗa man gaskiya." Ta juya. "Yaya, ɗauko man kwamfutar a mota."

Ta buɗe ta a kan tabarma, robata na nan riƙe da murfin. Ta ce in matso. Ta fara yi mini bayani dalla-dalla: wannan hoton za a rage shi, waɗannan masu wucewa za a mai da su ciki sai wanda ya nema, muryar ba za ta tashi ba sai an danna. Ban katse ta ba ko sau ɗaya, abin da ubanta ya mutu bai samu daga gare ni ba. Rana ta ɗago, aka kawo fura, ta sha ba ta ma lura tana sha ba. Yayan ya ga haka ya samu wuri ya zauna.

Da ta gama, yatsanta ya tsaya a kan maɓalli. Ta ɗago.

"Yau wace rana?"

"Laraba."

"To Bismillahi."

Ta miƙo mini gungumen, ta mai da hannu baya. Na danna. Ban gama ɗauke yatsa ba sai ga shi gaba ɗaya, hula, tabarau biyu, hancin nan, da wannan murmushin na wanda ke shirin faɗa maka baƙar magana. Hoton ƙarami ne, bai fi akwatin ashana ba. Amma shi ne. Na ce, "Kai bawa, ka makara kamar kullum."

A saman kansa, kafin komai, akwai lamba cikin maɓalli mai faɗi. Na ɗora taɓaryata a kai, ta dace cif. Sai waya ta fara ƙara a cikin jakar ɗiyar.

Alhajin hatsi ya aiko daga baya a tambaye ni ko shafin ya wuce. Na ce a faɗa masa sai da aka kayar da ita tukuna, kamar ubanta. Ya ce to in haka ne ta riƙe nasa.

Ita ta ce in rubuta wannan a sa a ƙarƙashin hoton. Na ce ya yi tsawo, zai yi nauyi. Ta ce rubutu ba ya gajiyar da jaki. Duk da haka sai na gwada shi a ƙarƙashin icce kafin in yarda.

Allah Ya jiƙan taubashina, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sauƙaƙa masa nauyin kabari yadda ya sauƙaƙa wa masu ƙananan wayoyi. Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya sa albarka a hannun da ya bari a shagon. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Gardamar wane ne bawa tana nan, na ɗage zaman sai na iso.